Ranar da Na Kwashe 'Ya'yan Gauraka

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin watan da gero ke fitar da kai, shekara guda kafin a canza kuɗi daga fam zuwa naira. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji huɗu a firamare. Ina tsaye cikin ruwa iya ƙwauri a fadamar ƙauyenmu, can gefen Ƙarfi, riƙe da tsohon buhun gishiri, ga 'ya'yan gauraka biyu kwance cikin ciyawa a gabana. Sun miƙe wuya sun lafe kamar ba su da rai, haka suke yi in sun ji motsin abin tsoro. Girmansu bai wuce na budurwar kaza ba, jikinsu duk gashi mai laushi launin ƙasa, a kansu wani ɗan tsiro inda tukku zai fito. Uwar tana gefe guda tana jan fiffike, tana ɗingishi kamar wadda ta karye, don in bar 'ya'yan in bi ta. Na san dabarar, domin an riga an faɗa mini ita. Ban bi ta ba. Na sunkuya na ɗauki na farko, na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, na jefa shi cikin buhu, na ɗauki na biyu. Ba yunwa ce ta sa ni ba, ba kuma wani babba ne ya tilasta mini ba. Takalmi nake so.

Dole in tsaya in bayyana gauraka, tunda yanzu a garinmu akwai magidanta masu 'ya'ya uku, huɗu, da ba su taɓa sa shi a ido ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mutum jin daɗin abinci. Tsuntsu ne dogo, in ya miƙe yakan kai ƙirjin yaro irina a lokacin. Jikinsa baƙi, fiffikensa da fari, kumatunsa fari da ja, a kansa tukku a tsaye kamar tsintsiyar zinariya. Ba ya yawo shi kaɗai, kullum mata da miji ne, inda ɗaya ya sa ƙafa nan ɗayan zai sa. In damina ta faɗi sukan yi rawa a fili, su buɗe fiffike, su yi tsalle, su sunkuya wa juna, har mu yara mu ajiye lauje mu tsaya kallo, wasunmu na kwaikwayonsu. Suna bin shanu suna cin fara, suna tsintar 'ya'yan ciyawa. Ban taɓa jin wanda ya yi ƙarar sun ɓata masa gona ba.

Fadamarmu a wancan zamani ba ƙaramin wuri ba ce. Ta faro daga bayan gonakin auduga ta miƙe har inda ido ke gajiya. Tsakiyarta ruwa ne da bado, gefenta jema da tofa da gamba da suka fi mutum tsawo, sai wasu manyan itatuwan giyayya da ke tsaye cikin ruwa, inda gauraki ke kwana. Duk aikin yaran ƙauyenmu a can yake ƙarewa. In an aike ka yankan ciyawar awaki, fadama. In za a yi zana ko a sake jinka, fadama. Da rani mu haƙo gaiwa cikin busasshen taɓo, mu tono saiwar bado mu gasa, mu yi langa a kan yashi har a aiko kiranmu. A can na koyi iyo, a can na koyi harbi da danƙo, a can matsattsaku ya fara kama ni na ruga gida ina kuka. Muna ganin guza da kunkuru da dinya da kirinjijiya, balbela kuwa fari fat a bayan shanu. Muna harbin kurciya, ba wanda ya hana. Amma duk yaron da ya ɗaga danƙo ya auna gauraka, ko ubansa ba ya wurin, babban da ya gani zai murɗe masa kunne.

Kakana mahaifin babana, Malam Gambo, wanda muke kira Baba Tsoho, gonarsa ce ta ƙarshe kafin ruwa. Ba shi da sarauta, ba wanda ya naɗa shi komai, amma tun daga kan ubansa gidanmu ne ke yin ƙulli. Ga yadda abin yake. Gauraka ba ya sheƙa a kan itace, cikin ruwa yake tattake ciyawa ya yi ƙwai a kai. To shanu na zuwa shan ruwa, masu lauje na shiga yanka. Saboda haka in damina ta kankama, sai Baba Tsoho ya yi kwanaki yana zaune a kan wani suri yana lura da inda suke sauka. In ya gane wurin, sai ya zagaya daga nesa yana kama kawunan doguwar ciyawa yana ƙullewa, nan ɗaya, can ɗaya, har ya kewaye fili mai faɗi. Duk ɗan gari da duk makiyayi ya san ma'anar ciyawa a ƙulle: ka juya da shanunka, ka kai laujenka wani wuri, sai 'ya'yan sun tashi. Babu tara, babu mai gadi. Mutane ne kawai suka yarda da haka, suka kuma riƙe.

Filin da yake kewayewa yana da girma, wanda bai sani ba zai wuni yana lalube bai ga komai ba. Amma akwai abin da ni kaɗai ya nuna wa. Kowane ƙulli, yakan karkatar da wutsiyarsa ta fuskar da sheƙar take, don in ya dawo dubawa shi kansa kada ya taka. In ka tsaya a ƙulli ɗaya ka dubi inda wutsiyar ta nuna, ka koma wani ƙullin ka yi haka, inda suka haɗu nan sheƙar take. Ni ne babban jikansa namiji, kuma tsakaninmu wasa ne irin na kaka da jika. Sunana Isuhu, amma bai taɓa kirana da shi ba. In na shigo zaurensa sai ya ce, "Ga rago ya iso, mai ci ban da aiki. Da waɗannan silalan ƙafafun za ka ƙwace mini tsohuwata?" Ni kuma in ce, "Ai ta ce haƙoranka sun ƙare, ni take so." Ya yi dariya har da tari. Ranar da ya koya mini wutsiyar ƙulli kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai rago, buɗe idonka. Ubanka auduga ce a gabansa, ba ruwansa da tsuntsu. In na mutu kai za ka riƙa yi."

Makarantarmu tana cikin gari, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Mu 'yan ƙauye ƙafa ba takalmi muke zuwa, duk faso da kaushi. 'Yan cikin gari kuwa wasunsu na da farin kambas, suna goga masa alli ranar Litinin, su ake sawa a gaba in za a yi maci, mu a tura mu baya. Akwai wanda ya laƙaba mini suna Ƙafar Tonon Rogo, sunan ya bi ni har cikin aji. Na roƙi babana, ya ce sai an sayar da auduga. Aka sayar da auduga sau biyu, ban ga takalmi ba. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba. Yara da yawa sun taka ƙaya irin wadda na taka, ba su yi abin da na yi ba.

A lokacin akwai wani mutum da ke zuwa a keke daga wajen Funtuwa, ana ce masa Mamman Mai Kwando. Yana sayen fatu da zuma da ƙwan zabi, a bayan kekensa kuma da wani babban kwando mai murfi na tsuntsaye masu rai. Wata rana ina dawowa daga makaranta na same shi yana hutawa a gindin ɗorawar bakin hanya. Ya dubi ƙafata ya ce, "Ɗan boko, ina takalmin? Ko malam ne ya karɓe?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "An ce kai ne jikan mai ƙulla ciyawa. Sau biyu ina shiga fadamar nan, ban fito da komai ba sai matsattsaku." Sai ya kwance wata takarda, ga farin kambas sabo fil, har da ƙanshinsa. Ya ce wani Alhaji ne a birni ya gina gida yana son gauraki su riƙa yawo a tsakar gidansa. "Hatsi za su ci har su ture, sun fi ka jin daɗi. Iyayen kuma baɗi su sake wasu. Wa aka cuta?"

Wa aka cuta. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ina jin wannan tambayar daga bakin mutane iri-iri, mai sare itace ya yi ta, mai cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya ya yi ta, ni ma da bakina na yi ta. Duk wanda ka ji ya yi wannan tambayar, ya riga ya san amsa, so yake ka taya shi yin shiru.

Na jira ranar da Baba Tsoho ya tafi ta'aziyya Tsiga, na ce wa innata zan je yankan ciyawa. Ban yi ko rabin awa ina nema ba, wutsiyar ƙulli ta kai ni har wurin. Da na ɗaure bakin buhun, sai namijin ya taso mini. Ya doke ni da fiffike a kai, ya yage mini riga a kafaɗa, na faɗi cikin ruwa na tashi na ruga. Su biyun suka tashi sama suna bina suna kuka, suna kewaya kaina, har bakin hanya. Mamman yana gindin ɗorawa yana jira. Ya zaro reza daga hularsa, ya take ƙafafun na farko, ya buɗe fiffikensa ya datse gaɓar ƙarshe, ya shafa toka a wurin. Na ce, "Ba ka ce za ka yanke su ba." Ya ce, "To ka taɓa ganin wanda ya sayi tsuntsun da zai tashi ya bar shi?" Ya yi wa na biyu haka. Sannan ya miƙo mini takalmin, ya ce, "Kai, amma kana da kai. Yaya aka yi ka same su da wuri haka?" Ni kuma da jin an yabe ni, sai na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa, na nuna masa yadda ake bin wutsiyar ƙulli. Bai ma roƙe ni ba. Kyauta na ba shi. Wannan ita ce babbar ɓarnar, ta fi ta cikin buhun nesa ba kusa ba.

Kwana uku iyayen suka yi suna kuka. Ba irin kukansu na safiya ba ne da muka saba, wannan ba ya tsayawa. Su sauka a sheƙar, su tashi, su kewaya gari, su koma. Mata na daka suna tsayawa su saurara. Kakata ta ce, "Wannan kukan rashi ne." Da Baba Tsoho ya dawo ya shiga fadama ya fito, wasu suka ce dila ne, wasu suka ce guza. Ya girgiza kai ya ce, "Dabba takan bar gashi ko jini. Wannan hannu ne." Ina zaune kusa da shi ya faɗi haka, muna cin tuwo a akushi ɗaya. Na ci gaba da ci.

Takalmin kuwa ba damar in shigo da shi gida. A kogon wata kuka na riƙa ɓoye shi, in na kusa makaranta in sa, in na taso in cire. Ashe ya yi mini kaɗan. Ƙafar da ba ta taɓa shiga takalmi ba ta sha matsi, cikin mako guda dugadugaina biyu suka saluɓe suka zama gyambo. Na riƙa shafa ƙasa a kai don kada a gani. Ranar nan da la'asar na durƙusa ina zuba wa Baba Tsoho ruwan alwala a buta, na juya masa baya. Sai ya ce, "Tsaya. Kawo ƙafar nan." Ya kama ta ya ɗaga kamar mai duba kofaton jaki, ya goge ƙasar da babban yatsa, ya duba ɗayar. Ya ce, "Wannan ba ƙaya ba ce, ba tuntuɓe ba ne. Takalmi ne ya ci ka." Sannan ya ce, "Isuhu, wa ya ba ka takalmi?" Jin sunana a bakinsa ya fi mari zafi. Na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya ƙara: "Ka nuna masa wutsiyar?" Na gyaɗa kai. Ya ajiye butar bai yi alwalar ba, ya ɗauki sandarsa ya nufi ɗaya gefen fadamar, inda tun farko ya kewaye wata sheƙar ta biyu da ƙulli. Da ya dawo ba sai an tambaye shi ba. Mamman ya riga ya shiga da kansa, ya kwashe waɗancan ma.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne abin da manya suka yi. Na ɗauka za a ɗaure ni a zane, kuma da an yi, da na gode. Babana ya ce, "Baba, tsuntsu ne fa. Yaro ya samu takalmi, sai a yi masa faɗa a bar maganar." Ƙanensa ya yi dariya ya ce ashe a gidan nan ma za a yi ɗan kasuwa. A dandali aka mai da abin labarin raha. Mutanen da suka yi shekaru suna juya shanunsu saboda ƙullin ciyawa, da suka ji tsuntsun na da mai saye, sai ka ga idonsu ya canza. Kafin kaka ta yi, yara uku sun tambaye ni a ɓoye ko Mamman zai dawo. Abin da aka riƙe tun kakanni, ashe abin da ya riƙe shi bai wuce kunya ba, ni kuma na nuna cewa ana iya ajiye kunyar a ci gaba da cin tuwo.

Washegarin ranar da ya gano ni, Baba Tsoho ya shiga fadama da lauje ya yanke duk ƙullin da ya yi. Daga ranar bai sake ce mini rago ba. Bai daina yi mini magana ba, yana aikena, yana ba ni ragowar fura, amma Isuhu yake kirana kamar kowa. Na sha shiga zaurensa in tsokane shi da maganar haƙora, sai ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da jan carbinsa.

Da damina ta zagayo, ruwa ya yi ƙaranci, fadamar ta tsuke, amma mata da miji ɗaya sun dawo sun yi sheƙa. Tsohon nan ya rasa yadda zai yi. In ya yi ƙulli, ya nuna wa ɓarawo hanya. In bai yi ba, shanu za su shiga. Sai ya zaɓi ya yi gadi da kansa, ya riƙa wuni a kan surin nan, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Mutum mai shekara saba'in da wani abu. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar. A rana ta huɗu wani makiyayi mai suna Buba, wanda ya daɗe yana shayar da shanunsa a fadamar, ya yi sallama a ƙofar zaure. Ya durƙusa ya ajiye malfarsa a gaban Baba Tsoho, a ciki ga ɓawon ƙwai a farfashe. Ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Ban ga ƙulli ba, na ɗauka bana ba su sauka a nan ba. Shanu sun bi ta kai." Baba Tsoho ya dubi malfar ya daɗe, ya ce, "Ba laifinka ba ne, Buba. Tashi ka tafi." Ina tsaye a bakin ƙofa. Bai dube ni ba.

Daga nan aka shiga shekarun fari, waɗanda duk tsaranmu ke tunawa. Baba Tsoho ya rasu a cikinsu. Da ruwa ya dawo, an ga gauraki sau ɗaya, sun kwana biyu a kan giyayya suka tashi, ba su ƙara sauka ba. Sai mutane suka samu abin faɗi: fari ne ya kore su. Har yau in maganar ta taso a majalisa haka ake cewa, a ɗaga hannu sama a ce ikon Allah. Ban musa ba, fari ya yi nasa. Amma an yi fari kafin a haife mu, gauraki sun dawo. Abin da ba su saba da shi ba shi ne su dawo su tarar ana kwashe musu 'ya'ya. Ina jin haushin mai ɗora wa Allah abin da ya yi da hannunsa, kuma na fi kowa daɗewa ina yin haka.

Domin ban tsaya a nan ba, gara in faɗa. Na bar makaranta a aji bakwai na kama noma. Da injin ban ruwa ya shigo, ina cikin waɗanda suka fara cinna wa jema wuta suka sa garma a fadamar don tumatir da albasa. Giyayyun da suka faɗo cikin gadonmu, ni na sayar wa masu gawayi. Lokacin da wasu suka fara zuba maganin feshin auduga a tafki don kifi ya taso, na gani, ban hana ba, har na ci kifin. A lokacin ina da gemu, ina da 'ya'ya, ba zan ce yarinta ba. Na riga na koya tun ina ƙarami cewa in ka yi irin wannan ba abin da zai same ka, kuma lallai ba abin da ya same ni. Na samu rufin asiri, na gina ɗaki na kwano. Guza da dinya da kunkuru ne suka biya.

Sau ɗaya na sake ganin gauraka bayan na girma. Na raka motar masara wani babban gida a birni, muna sauke buhuna sai na gan shi shi kaɗai a tsakar gida, kan siminti, tsakanin motoci. Yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, ya juyo, ya koma. Tukkunsa ya yi dauɗa, fiffike ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Mai gadi ya ce ai a da su biyu ne, matar ta mutu, Alhaji ya ba da saƙo a samo wata. A samo wata. Daga ina? Daga wace fadama, ta hannun wane yaro? Wanda ya sayi tsuntsun daji don baƙinsa su yi kallo, shi ya aiki yaron cikin ciyawa, ko da bai taɓa sanin sunan ƙauyen ba. Na so in faɗa wa mai gadin haka, sai na tuna ko ni wane ne, na ɗauki buhu na ci gaba da aiki. Kuma sana'ar Mamman ba ta mutu ba, keken ne ya koma babur. Bara wani saurayi ya tsaya a ƙofar gidana yana tambaya ko yaranmu na samun kan ungulu ko mujiya ko bushiya, yana saye da daraja. Na ce masa in na sake ganinsa yana magana da yaro a layin nan, ni da shi sai gaban mai gari. Ya tafi yana cewa tsohon nan ya samu matsala.

Yanzu abin da ya rage na fadamar wani ɗan yanki ne a ƙarshen gonata, bai fi filin makaranta ba. Taɓo ya hana garma shiga a da, shi ya sa ya tsira, ba don kirkina ba. Akwai jema a ciki, da giyayya ɗaya, da ruwan da ke kaiwa bayan kaka. Bana babban ɗana Lawal ya zo ya zauna ya ce a ba su wurin su yi shinkafa. Ya ce, "Baba, iyali sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. Tsuntsun da babu shi kake ajiye wa fili?" Yana da gaskiyarsa, ni na san yadda tukunyar gidansa take. Sai na tara su, shi da ƙannensa, na ba su wannan labarin daga farko har ƙarshe, abin da ko uwarsu ban taɓa faɗa wa ba. Lawal ya ce, "To Baba, ai ka tuba, Allah Mai gafara ne." Na ce, "Mai gafara ne. Amma tubana ba zai ƙyanƙyashe ƙwai ko ɗaya ba. Ku ɗauki gonata ta tudu ku ƙara da taku, ni na isa hutu. Wancan wurin kuwa, muddin ina numfashi, garma ba za ta shiga ba, wuta ba za ta shiga ba." Ba su ji daɗi ba. Sun karɓi ta tudun, sun yi shiru, na kuma san irin shirun, na jiran lokaci ne.

A da, yaro a garinmu yana buɗe ido ya tarar da ruwa da ciyawa da tsuntsaye har inda ba ya iya ƙirgawa, ya ɗauka haka duniya take, ba za ta taɓa ƙarewa ba. Yanzu jikokina in sun bi ni gona ƙarar injin suke ji, kwalaben magani suke tsallakewa, tsuntsun da suka sani bai wuce buwa da hankaka ba. Nakan zauna a bakin ɗan yankin nan da yamma in dubi sama. Bana kirinjijiya ta ƙyanƙyashe a ciki, na ga 'ya'yanta suna bin ta a ruwa, ban faɗa wa kowa inda suke ba. Gauraka kuwa wataƙila ba zai dawo ba har in koma ga Allah. Amma in wata damina biyu daga cikinsu suka biyo ta samanmu suna neman wurin sauka, ba na so su dubi ƙasa su ga ko taku ɗaya ba a bar musu ba. Abin da ya rage a hannuna ke nan, kuma na san na makara.